Malam Yakubu, Sarkin Bauchi Na Farko

Manyan almajiran da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba tuta, kusan dukansu Fulani ne. Malam Yakubu ɗan Dadi shi ne ya fita daban, don kuwa Bageri ne, watau daga ƙabilar Gerawa ta ƙasar Bauchi. Tun yana saurayi ya tafi Degel neman ilmi, ya daɗe yana karatu a gaban Shehu. Da jihadi ya tashi a 1804, aka ba shi tuta ya komo ƙasarsu.

Ƙasar da aka danƙa masa ba irin ta Kano ko Katsina ba ce, inda akwai birni da fada da tsarin sarauta tun kaka da kakanni. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙabilu barkatai, kowace da harshenta, galibinsu kuma ba Musulmi ba. Ba gadon sarauta ya tarar ba, shi ya kafa. Ya fara zama a Inkil, sa'an nan a 1809 ya kafa birnin Bauchi, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon mil 6 da rabi. An ce sunan garin daga wani maharbi ne, Baushe. Rundunarsa ta yi ta kutsawa kudu har bakin Binuwai, ta kan komo da ganima da bayi masu yawa, abin da jikokin waɗancan ƙabilu ba su manta ba. Amma mutanen tsaunukan Jos sun gagare shi. Ta gabas kuma ga Buba Yero na Gombe, ɗan'uwansa mai tuta, wanda suka yi ta ja-in-ja da shi a kan iyaka.

Ranar da ta fi ɗaukaka sunansa ta zo a 1827. Shehu Laminu na Barno, watau El-Kanemi, ya taso da runduna mai yawan gaske ya doshi Kano, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Hankalin Sakkwato ya tashi ƙwarai, domin in Kano ta faɗi, daular ta rabe biyu ke nan, gabas ta yanke daga yamma. Yakubu ya hau da mayaƙansa ya tare Barebari, aka yi ɗauki-ba-daɗi. Shehu Laminu ya janye ya koma gida, bai sake kawo wa Kano hari ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga wannan ranar, ya kuwa san wanda ya fisshe shi kunya.

Ya yi kimanin shekara 40 yana mulki, ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi. Ba a daɗe ba tawaye ya ɓarke a duwatsun Ningi, ya dami Bauchi da Kano shekaru da dama. Kabarinsa yana cikin birnin Bauchi, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar har yau. Allah ya jiƙansa.