Philip Blaiberg: Dattijon Da Ya Rayu Watanni 19 Da Zuciyar Saurayi

Duk lokacin da aka ɗauko zancen dashen zuciya, sunan da ke fara zuwa bakin jama'a shi ne na Farfesa Christiaan Barnard, likitan Afirka ta Kudu da ya fara wannan aiki a ranar 3 ga Disamba, 1967. To amma yau ina so mai karatu ya juya ya dubi wanda ya kwanta aka tsaga ƙirjinsa, wato Dokta Philip Blaiberg, domin kuwa rayuwarsa ce ta tabbatar wa duniya cewa mutum zai iya tashi ya koma gida da zuciyar wani, mutuwarsa kuma ta tona wata cuta da har gobe likitoci ke fama da ita.

An haifi Blaiberg a 1909 a garin Uniondale na lardin Cape. Ya yi karatun likitan haƙori a Landan, ya dawo gida ya buɗe wurin aikinsa a Cape Town, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da sashen lafiya na sojojin ƙasarsa a Habasha da Italiya. Daga baya ciwon zuciya ya fara kayar da shi, kuma tun daga nan lafiya ta riƙa ja da baya, har ta kai a 1967 ya ajiye aiki ɗungurungum, numfashi ma ya zame masa jan aiki.

Yana kwance a asibitin Groote Schuur aka binne Louis Washkansky, mutumin farko da Barnard ya yi wa dashe, wanda kwana 18 kacal ya yi kafin cutar huhu ta kashe shi. Duk da sanin haka, Blaiberg ya amince a gwada a kansa. A ranar 2 ga Janairu, 1968, yana da shekara 58, aka dasa masa zuciyar Clive Haupt, saurayi ɗan shekara 24 da ya yanke jiki ya faɗi a bakin teku sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Abin lura shi ne Haupt yana cikin waɗanda dokar wariyar launin fata ta ware a matsayin ruwa-biyu, wato mutumin da ba a yarda ya zauna unguwa ɗaya da Turawa ba, ga shi zuciyarsa ta tare a ƙirjin Bature.

A watan Maris na wannan shekara aka sallame shi, ya zama mutum na farko da ya bar asibiti bayan dashen zuciya. Jaridun duniya suka yi ta buga hotunansa, ya tuƙa mota, ya shiga teku, har ya fitar da littafi mai suna Looking at My Heart. Ganin haka ya sa asibitoci suka shiga rige-rige, inda a 1968 kaɗai aka yi dashe kusan 100 a faɗin duniya, mafi yawan marasa lafiyar kuma ba su kai shekara ba. Shi kansa Blaiberg ba lafiyar kirki ya samu ba, domin ya sha komawa asibiti, har ciwon hanta ya kusa tafiya da shi. A ranar 17 ga Agusta, 1969, ya rasu, bayan watanni 19 da kwana 15.

Binciken gawarsa ne ya girgiza likitoci. Ita zuciya, ko da yake jini take harbawa dare da rana, tana da nata ƙananan jijiyoyi da ke zagaye da ita suna ciyar da tsokarta. A jikin mai lafiya waɗannan jijiyoyi taushi gare su, suna buɗewa idan aiki ya ƙaru, su koma yadda suke idan an huta. Da aka buɗe zuciyar da Haupt ya bari, sai aka tarar jijiyoyin sun yi kauri, sun ƙage, sun tsuke, tamkar na tsoho tukuf. Farfesa J. G. Thomson na Jami'ar Cape Town ya wallafa abin da ya gani a mujallar Lancet a 1969. Cikin ƙasa da shekara biyu, zuciyar saurayi ta tsufa.

Yau an san dalili. Garkuwar jikin wanda aka yi wa dashe tana kallon sabuwar zuciya a matsayin baƙuwa, kuma wurin da suke fara haɗuwa shi ne siririn shimfiɗin da ke cikin jijiyar jini. Ko an danne garkuwar da magani, takan ci gaba da ɗan yaƙinta a ɓoye, bangon jijiya ya riƙa kumbura yana warkewa yana ƙara kauri ta ciki. Yawan kitse a jini, da hawan jini, da ciwon sukari, da wata ƙwayar cuta da ake kira CMV, duk suna ƙara wa wutar fetur. Bambancinta da toshewar jijiya da aka saba gani shi ne waccan wuri-wuri take kamawa, ana iya buɗe wurin ko a kewaye shi da tiyata, ita kuwa wannan tana bin jijiya ne tun daga tushe har ƙananan rassa. Bugu da ƙari, da yake an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon zafi lokacin dashe, sau da yawa maras lafiya ba ya jin ciwon ƙirjin da zai gargaɗe shi.

Ba shakka an ci gaba. Norman Shumway da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka sun daure lokacin da wasu suka watsar da aikin, maganin cyclosporine ya shigo a farkon shekarun 1980 ya sauya lissafi, sannan a 1995 bincike ya nuna cewa maganin rage kitse na pravastatin yana rage wannan cuta. Yanzu rabin waɗanda ake yi wa dashe suna wuce shekara 10 a raye, ana kuma duba jijiyoyinsu a kai a kai ko ba su yi ƙorafin komai ba. Duk da haka, kusan rabin waɗanda suka kai shekara 10 ana samun su da cutar da ta kashe Blaiberg, idan kuma ta yi nisa babu mafita ta dindindin sai wani sabon dashen.

A nan ne labarin ya shafe mu. Mutanenmu da dama suna zuwa Indiya da Masar dashen ƙoda, dangi su sayar da gida da gona su biya kuɗin tiyata, a tarbi mutum a filin jirgi da murna, amma ba a yi tanadin maganin da zai sha har ƙarshen rayuwarsa da gwaje-gwajen da za su biyo baya ba. Ƙoda ma garkuwar jiki tana cin ta a hankali kamar yadda ta ci zuciyar Haupt. Duk iyalin da ke shirin irin wannan tafiya, su tambayi likita tun kafin a sayi tikiti: nawa ne kuɗin magani a wata, wa zai riƙa duba shi idan ya dawo, kuma ina za a riƙa yin gwajin? Blaiberg yana hannun ƙwararrun da duniya ke ji da su a zamaninsa, amma cutar ta yi aikinta shiru har ta gama. Wanda ya dawo gida ba magani, ba mai dubawa, ina ga shi?