SAJE TOMMY PRINCE, BARDEN DA YA SAYAR DA LAMBOBINSA

Masu sha'awar fim ɗin yaƙi irin na da wataƙila za su tuna da wani mai suna The Devil's Brigade, watau Rundunar Shaiɗan, wanda aka yi a 1968, William Holden ne babban ɗan wasan. Labarin wata runduna ce ta gaske da aka haɗa a 1942, wasu 'yan Amurka wasu 'yan Kanada, aka hore su a jihar Montana don yaƙin duwatsu. Fim ɗin yana da daɗin kallo, ba a musu. Amma ya mai da Amurkawan tamkar 'yan iskan da aka kwaso daga gadirun, don dai a sami dambe da dariya, kuma ya ƙare da cin dutsen La Difensa a Italiya, tun rundunar ba ta isa Anziyo ba. A can Anziyo ɗin ne kuwa mutumin da za mu ba da tarihinsa yau ya yi abin da ya fi duk na cikin fim ɗin ban mamaki.

An haifi Tommy Prince a watan Oktoba 1915 a lardin Manitoba na Kanada, su goma sha ɗaya ne a gidansu. Ɗan ƙabilar Ojibwe ne, cikin mutanen nan da mu 'yan kallo muka saba kira Indiyawan daji, alhali su ne masu ƙasar tun Turawa ba su zo ba. Ya tashi da farauta da bin sawu. Da yaƙin Hitila ya ɓarke ya yi ta neman shiga soja ana hana shi, sai a Yuni 1940 aka karɓe shi. Daga baya ya koyi sauka da laima, ya shiga wannan runduna ta haɗin gwiwa.

A Fabrairu 1944 aka aike shi leƙen asiri a Anziyo. Ya ja wayar tarho mai tsawon mita 1,400 har cikin wani kangon gidan gona da ke dab da sansanin Jamus, ya fake yana faɗa wa 'yan igwa inda za su harba. Ana cikin haka sai harsashin igwa ya tsinke wayar. To, mai karatu, in kai ne yaya za ka yi? Shi dai tufafin manomi ya tarar a gidan ya sa, ya ɗauki fartanya, ya fita fili da rana tsaka yana noma a kan idon Jamusawa, yana bin wayar sannu sannu. Da ya kai inda ta tsinke sai ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, ya haɗa ta. Har ya ɗaga hannu yana yi wa ɓangarorin biyu daƙuwa, irin ta talakan da yaƙi ya dama, sa'an nan ya koma ya ci gaba da aikinsa. Aka ragargaza wurare huɗu na Jamus bisa bayanin da ya bayar.

A Satumbar shekarar, a kudancin Faransa, ya yi tafiyar kilomita 70 cikin duwatsu, kwana uku ba ci ba barci, ya gano wani sansanin abokan gaba, ya komo ya jagoranci 'yan'uwansa aka kama sojoji masu yawa. Sarki Joji na Shida ya liƙa masa lambar yabo a fadar Bakingham a 1945, Amurka ma ta ba shi tauraronta na azurfa.

Nan ne fim kan tsaya, a kunna fitila kowa ya tafi gida. Shi kuwa Prince da ya koma Kanada ya tarar ko ƙuri'ar zaɓen tarayya yawancin mutanensa ba su da ikon jefawa, don ba a sakar musu wannan hakki ba sai a 1960. Wanda ubansa ko kakansa ya je Burma ya dawo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya sayi mota ya kafa sana'ar share-share, abin ya fara kyau, sai mutanensa suka roƙe shi ya je Ottawa ya yi musu magana kan dokar da ta danne su. Ya bar motar a hannun abokai, kafin ya dawo sun yi haɗari da ita, sana'a ta rushe.

Da yaƙin Koriya ya tashi a 1950 ya sake ɗaura kaki, ya je har sau biyu, yana cikin waɗanda suka tsare Kapyong a Afrilu 1951. Amma gwiwoyinsa sun riga sun lalace, aka sallame shi bayan an tsagaita wuta. Duk da haka a 1955 ya ceci wani mutum da ruwa ya kusa ci a Winnipeg.

Daga nan sai rashin aiki, da giya, da rabuwa da iyali. Ya ƙare a gidan kwanan marasa galihu, har lambobinsa ya sayar don ya rayu. Ya mutu ran 25 ga Nuwamba 1977 yana da shekara 62, mutum fiye da 500 suka halarci jana'izarsa, har da manyan jami'an gwamnati. A shekarar 2000 aka fito da lambobin nan a gwanjo, danginsa da tsofaffin sojoji suka yi karo-karo suka fanso su kan dala 75,000, aka ajiye su a gidan tarihi na Manitoba.