ALHAJI ALHASAN ƊANTATA: MARAYAN BEBEJI DA YA FARA DA ASUSU

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Duk inda samari suka taru a kan benci da yamma, ko a Fagge ta Kano ko a Agege ta Ikko, in aka ɗauko zancen sana'a ƙarshen maganar ɗaya ce, watau babu jari. Wanda ya gama sakandare yana jiran aikin ofis, wanda ya gama jami'a yana yawo da takardunsa cikin ambulan daga wannan ma'aikata zuwa waccan. Ban ce ƙarya suke yi ba, gama zamani ya yi tsanani. Amma ya kamata su ji labarin wani maraya wanda ya fara da abin da bai kai nasu ba, ya zo ya rasu ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma.

An haifi Alhasan a garin Bebeji na ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne daga cikin Agalawa, mutanen da suka gaji fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Mai karatu zai ce ai ɗan gata ne ke nan. To, Alhasan yana da shekara kamar takwas mahaifinsa ya rasu, aka raba gado, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tashi zuwa Ankara a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidansu mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah aka samo Ɗantata, sunan da yau ake rubutawa a jikin manyan kamfanoni.

Ya yi karatun allo a Bebeji kamar sauran yara, yana ɗan aikin ƙarfi da 'yan saye da sayarwa don ya ci abinci. Ita Tata ce ta hore shi da ajiya. Ta samo masa asusu, kome ya samu sai ya raba, ya ci kaɗan ya jefa saura a ciki. A ganina wannan asusu shi ne makarantarsa ta kasuwanci, don halin da ya koya a nan bai rabu da shi ba har ya tsufa.

Da ya kai shekara goma sha biyar ko kusa da haka, ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja don ya gano mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba, sai da ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, saura a Ankara. Mahaifiyar kuwa ba ta zaunar da shi ta shagwaɓa shi ba, wurin wani malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu yana neman na kansa. Bayan ya komo gida sai Basasar Kano ta tashi a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa suna bayan Tukur, shi kuwa aka ci shi da yaƙi. Aka kama Alhasan da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Ya sake farawa daga tushe.

Abin da ya raba shi da sauran fatake shi ne yadda ya lura da sauyin hanya. Tafiyar Gwanja a ƙasa tafiya ce ta watanni, da jakuna da takarkarai, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga sarakunan hanya kowa da abin da za a ba shi. Goro kuwa ba ya son jinkiri. Sai an naɗe shi da ganye, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara, in an yi sakaci rabin kayan ya lalace kafin a ga ganuwar Kano. A 1903 Turawa suka ci Kano, a wannan shekara kuma jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da tashar jiragen ruwa ta Sekondi. Tsofaffin madugai da yawa suka ci gaba da bin hanyar kakanninsu. Shi Alhasan sai ya shiga ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga nan a yi Arewa da shi. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Kayan da a da kan shekara ana juya su sau ɗaya, yanzu ana juya su sau da yawa, asara kuma ta ragu. Mutanen Ikko su sani, wani babban kaso na arzikin Ɗantata ta bakin ruwansu ya fara shigowa.

Sauyi na biyu ya zo da reluwe, wadda ta iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa sosai, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro. Manyan attajirai irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo sun riga shi shiga, amma da kamfanin Neja ya jawo shi a 1918, cikin 'yan shekaru ya wuce su duka.

Yadda ya yi shi ne wannan. Yana da yara masu yawa, kowanne ya ba shi kuɗi ko haja bashi, ya tura shi kasuwannin ƙauye tun kafin kaka. Yaron ya sayi gyaɗa, a auna a sikeli, a ɗinke buhu, a kawo Kano a jibge a bakin tashar jirgi. Da buhunan suka fi ƙarfin taragon jirgi sai aka shiga jera su sama-sama har suka zama dalar gyaɗa, kuma sunansa ake fara ambata in ana zancen wannan dala. Yaron da ya riƙe amana a ƙara masa jari baɗi, wanda ya ci amana a sallame shi. Gidajen kasuwanci da dama a Kano kakanninsu daga wannan bashi suka tashi. Wannan ne nake so attajiranmu na yau su duba, don saurayin da ke kukan rashin jari ba kullum rago ba ne, wani lokaci mai ba shi amanar ne babu.

Ba za a ce tsarin ba shi da aibu ba. Turawa ke yanke farashi, su ke da jiragen ruwa da kasuwar Ingila, manomin da ya karɓi kuɗi tun da damina kuwa yakan sayar da gyaɗarsa da araha. Shi kansa Ɗantata ya daɗe yana sayen gyaɗa a ƙarƙashin kamfanin Turawa, sai a farkon shekarun 1950 ya sami lasin saye da sunan kansa.

A 1929 ya kai ajiya bankin Turawa na Kano, wanda yau ya zama First Bank, kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin, kuma bai yarda a sa masa kuɗin ruwa ba saboda addini. Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a shekarun 1920. Duk da wannan dukiya an san shi da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci, kuma bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba, yana cinikin goro da shanu da tufafi.

Ya rasu a Kano ran 17 ga watan Agusta, 1955, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su wargaza kasuwancin gidan. Allah ya ji ƙansa. Dalar gyaɗa ba ta daɗe ƙwarai bayansa ba. Farin farkon shekarun 1970, da cutar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati, su suka share ta daga Kano. Amma 'ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu wanda ya rasu a 2025, sun riga sun shiga gine-gine da sufuri da masana'antu. Jikan Alhaji Sanusi ta wajen 'yarsa Hajiya Mariya shi ne Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka buɗe matatar mansa a Lekki ta Ikko a 2023.