Shehu Musa 'Yar'aduwa da Kujerar Mataimaki

Kafin tsarin mulkin 1979 babu muƙamin mataimakin shugaban ƙasa a Nijeriya. A zamanin soja, mai bi wa shugaba a daraja shi ne Babban Hafsa na Hedikwatar Ƙoli, kuma babu wanda ya hau wannan kujera da ƙuruciya kamar marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa.

An haife shi a Katsina ran 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, shi ne ministan harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko. A 1962 ya shiga makarantar horon soja ta Kaduna, wadda daga bisani ta zama makarantar hafsoshin da ke Afaka, kusa da Mando, sa'an nan ya zarce Sandhurst ta Ingila. Ya yi yaƙin basasa, kana a 1975 Janar Murtala ya naɗa shi kwamishinan sufuri.

Da aka kashe Murtala ran 13 ga Fabrairu, 1976, sai ragama ta koma hannun Obasanjo, mutumin Kudu kuma Kirista, alhali zukatan mutanen Arewa suna tafasa. Don a kwantar da hankali aka tsallake manyan Shehu a aiki, aka ɗaga shi daga Laftanar-Kanar zuwa Birgediya, ya zama na biyu a ƙasa tun bai cika shekara 33 ba. Wato dai bukatar daidaita Kudu da Arewa ce ta fara ba shi kujerar, ko da yake ba a ce bai cancanta ba. Irin wannan lissafi ne farar hula suka bi a 1979, sa'ad da Alhaji Shehu Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme, mataimakin shugaban ƙasa na farko.

Abin yabo, shi da maigidansa sun cika alkawarin miƙa mulki a Oktoban 1979. Ya yi murabus yana Manjo-Janar, ya zauna Kaduna yana noma da kasuwanci. Amma kujerar ɗaya ba ta yiwu gare shi ba: a 1992 yana kan gaba a zaɓen fid da gwani na SDP, Babangida ya soke zaɓen. Gwamnatin Abaca ta kama shi a 1995 bisa zargin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997. A 1999 almajirinsa a siyasa, Atiku Abubakar, ya zama mataimakin Obasanjon nan dai.