Santiago Bernabeu da Iyakar Cin Kofi

A gidajen kallon ƙwallo na Malkohi da Jimeta kowa ya san filin wasa na Bernabeu, amma kaɗan ne suka san mai sunan. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai taƙaitaccen tarihinsa.

An haifi Santiago Bernabeu a ƙasar Sifen a 1895. Ya buga wa Real Madrid ƙwallo yana saurayi, sannan ya shugabance ta daga 1943 har mutuwarsa a 1978. Shi ya gina sabon fili a 1947, ya kawo Di Stefano a 1953. Daga nan ƙungiyar ta ci Kofin Turai sau biyar a jere, daga 1956 zuwa 1960.

To amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A ƙarshen 1960 Barcelona ta fitar da ita, ta kuma sha kashi a wasan ƙarshe a 1962 da 1964, domin gwanayenta sun tsufa. Bernabeu ya rufe ido ya sallami Di Stefano, ya dogara ga matasan gida, suka ɗauko kofin a 1966. Bayan wannan sai da Madrid ta jira shekara 32.

Mu ma mun ga irin haka a gida. Kano Pillars ta ci gasar Nijeriya a 2012 da 2013 da 2014, sai ga ta a ƙaramin rukuni a 2022. A ganina, ƙarfin ƙungiya yana bin ƙarfin ƙafafun 'yan wasanta ne, kuma da wuya tsara ɗaya ta wuce shekara biyar tana tashe.