Bernard Fagg: Baturen da ya rubuta labarin shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san kamannin saniyar ƙasar nan: farare da jajaye, masu ƙaho, kowacce da tozonta. Amma a kudancin Jigawa, a jikin duwatsun Birnin Kudu, akwai wasu shanu da aka zana da launin ja da fari da baƙi, waɗanda da yawansu ba su da tozo ko kaɗan. Irinsu ya daɗe da barin wannan yanki. Mutumin da ya fara bayyana wa duniyar ilimi waɗannan zane-zane dalla-dalla shi ne Bernard Fagg.

An haifi Fagg a Landan ranar 8 ga Disamba, 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sannan a 1939 ya zo Jos a matsayin jami'in mulkin mallaka. A lokacin haƙar kuza ta bunƙasa a yankin, kuma leburori kan tono abubuwan da ba su san darajarsu ba. A 1943 aka kai masa wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka tono a wajen Jama'a, wanda har an taɓa kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura cewa ya yi kama da wanda aka samu kusa da ƙauyen Nok a 1928. Daga wannan lura sunan al'adar Nok ya samo asali.

A 1947 ya koma sashen kula da kayan tarihi a ƙarƙashin Kenneth Murray. A 1952 aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos bisa ƙoƙarinsa, kuma a 1957 ya gaji Murray a shugabancin sashen.

A tsakiyar shekarun 1950 ne aiki ya kai shi Birnin Kudu. Mutanen garin sun san zanen tun kaka da kakanni. Abin da Fagg ya ƙara shi ne rubutu da hoto. Ya bi wurare irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ya bambance salon zanen, ya kuma ja hankali ga siffar shanun. A nan ya ci karo da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda jikinsu ya lotsa saboda daɗewa ana kiɗa da su. Ya wallafa bayaninsu a mujallar Man a 1956.

Kayan aikin zamaninsa ido ne da fensir da kyamara. A wurare da dama na duniya, masu bincike kan shimfiɗa takarda a kan zane su kwafe shi, ko su yayyafa masa ruwa don launi ya fito a hoto. Daga baya aka gane cewa hakan na cinye launin, domin ruwa na jawo gishirin da ke cikin dutse zuwa waje.

Yanzu ana duba zane ba tare da hannu ya taɓa shi ba. Kyamarar da ke ɗaukar hasken da ke bayan ja a jerin launukan bakan gizo, wanda idon mutum ba ya gani, kan fito da layin gawayi da ke ɓoye ƙarƙashin fenti. Hasken da ke bayan shuɗi kuma kan tona inda wani ya yi gyara daga baya. Don zanen duwatsu, a 2005 wani Ba'amurke mai suna Jon Harman ya fitar da manhajar DStretch, wadda ke ƙarfafa ɗan bambancin launi a hoto har saniyar da ta koɗe ta sake bayyana. Sai dai kowace na'ura halin da zane yake ciki a yau kawai take nunawa. Kafin a san abin da rana da damina da hannun masu ziyara suka cinye cikin shekara saba'in, dole a koma ga hotunan farko da bayanan da Fagg ya bari.

A 1963 ya koma Ingila ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers da ke Okasfod, har ya yi ritaya a 1975. Littafinsa kan kayan Nok ya fito a 1977. Ya rasu ranar 14 ga Agusta, 1987.

Fagg ma'aikacin mulkin da ya mamaye ƙasar nan ne, kuma tarihi bai manta da hakan ba. Duk da haka, kayan Nok da ya tattara a Jos ya gina musu gida, shanun Birnin Kudu kuwa suna nan inda masu zanen suka bar su. Kan yumɓu ana iya kulle shi a akwatin gilashi, amma zanen dutse a sarari yake kwana, kuma launin da ya goge ya tafi ke nan. Ɗaukar cikakken hotonsa da na'urorin yau, tun yana nan, aiki ne da ke jiran jikokin makiyaya da manoman Jigawa, daga Birnin Kudu har Gumel.