Malam Aminu Kano a Matsayin Malamin Makaranta

Idan aka ambaci Malam Aminu Kano, abin da ke fara zuwa a zuciyar jama'a shi ne siyasa. Amma kafin ya hau dandalin taro sai da ya yi shekara takwas yana riƙe da alli, kuma wanda bai fahimci waɗannan shekaru ba, da wuya ya fahimci sauran rayuwarsa.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne da ya yi aiki a kotun alƙali, don haka a gida ya fara karatun Alƙur'ani da Larabci. Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sannan a 1937 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda daga baya aka mayar Kaduna. A 1942 ya kammala, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

A wancan zamani tsoro ne ginshiƙin tarbiyya a makaranta. Malami na nesa da ɗalibi, bulala ce ke tsakaninsu, kuma yaron da ya cika tambaya akan ɗauke shi marar kunya. Malam Aminu bai bi wannan turba ba. Ya jawo yara jikinsa, ya buɗe musu ƙofar gidansa bayan an tashi, ya kuma mayar da wasan kwaikwayo hanyar koyarwa. Shi da kansa yake tsara wasannin da Hausa, ɗalibai su fito su kwaikwayi azzalumin mai mulki ko macucin ɗan kasuwa, 'yan kallo su yi dariya, su koma gida da abin tunani. Hikimar a nan ita ce, yaron da ba zai iya ɗaga ido ya dubi babba ba, idan aka ba shi rawar da zai taka a gaban jama'a sai bakinsa ya buɗe. Wannan dabara ce da har yanzu malamai da yawa ba su ba ta haƙƙinta ba, alhali ba ta bukatar kuɗi.

A Bauchi ne kuma ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, da Malam Sa'adu Zungur wanda ya yi tasiri ƙwarai a tunaninsa. Tare suka riƙa halartar zauren tattaunawa inda ake muhawara kan mulkin En'e, har tambayoyinsu suka yi wa hukuma zafi aka rufe zauren.

A 1946 ya sami tafiya Ingila, ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da ya dawo sai ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, domin neman gyaran albashi da kare mutuncin malami, a lokacin da ma'aikacin En'e ba ya da bakin kai kuka. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi daga Bauchi zuwa makarantar horon malamai ta Maru, wani ƙaramin gari a Lardin Sakkwato na da, wanda yanzu yake cikin Jihar Zamfara. Nisan wurin bai sanyaya masa gwiwa ba. Waɗanda yake koyarwa a can su ne za su watsu cikin ƙauyuka su buɗe azuzuwa, saboda haka duk abin da ya shuka a zukatansu ninkuwa zai yi. A nan ma ya mai da hankali ga kyautata tsarin makarantun allo, don bai taɓa ganin ilimin addini da na zamani a matsayin kishiyoyi ba.

A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Sai dai halin malanta bai bar shi ba. Taronsa na siyasa darasi ne: yakan fayyace wa talaka haƙƙinsa da misalai masu sauƙi, ya nanata har a gane, ya kuma dage kan ilimin mata. Gidansa na Gwammaja ya kasance tamkar makaranta, inda yake gabatar da tafsiri da azumi.

Lokacin da jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a Jihar Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980. Ta wannan hanya manufar tsohon malamin Maru ta isa ga magidanta da matan aure a karkara, ciki har da ƙasashen Gwarzo da Kabo.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa. Gidan, wanda aka sani da Mambayya, ya koma hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar bincike da horo kan dimokuraɗiyya. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci duk suna ɗauke da sunansa, amma a bakin mutanen Kano, idan aka ce Malam kawai, an san da wa ake.